Ƙarfen da Na Binne a Gindin Zogale

Mu shida ne a tsakar gida ranar. Da ni, da faccalata, wadda nake kira Amarya tun ranar da aka kawo ta gidan nan har yanzu da take da jikoki. Tana zaune kan kujerar roba a ƙofar ɗakinta, ƙafar dama a miƙe bisa kifaffen turmi. Da mijinta Alhaji, ƙanin marigayi maigidana, wanda riƙon gida ya koma hannunsa. Da 'yarsu mai koyarwa a Bici. Da limamin unguwarmu, wanda Alhaji ya aika aka kirawo don kada gobe a ce shi kaɗai ya yanke magana. An shigo da shi har cikin gida ne saboda mai ciwon ba ta iya fita zaure. Cikon ta shidan baƙuwa ce, lauya, ƙawar 'yar tamu tun suna makaranta, jikar Barebarin nan da suka daɗe da zama a birni.

Ni idona ba ya sauka daga kan baƙo sai na gama auna shi. Na ga ta cire takalmi tun daga bakin zaure. Na ga an ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a tabarma, ƙasa da mai ciwo. Ruwan randa da aka kawo mata ta sha shi sosai, ba irin shan 'yan birni da ke taɓa leɓe su ajiye ba. Duk na lura. Amma ban saki fuska ba, don abin da na taso na ji game da lauya shi ne, mutum ne da ake biya ya mai da fari baƙi.

"Hajiya, ina wuni?" in ji ta.

"Ban je ba tukuna," na ce. "Ce mini Inna."

"Allah ya sa ki amsa kira bana, Inna."

"Amin. Ke ce mai rigimar?"

Ta yi dariya. "Ni dai 'yar rakiyar masu rigima ce."

Bari in faɗi yadda aka yi har muka kai ga wannan zama. Amarya mai man gyaɗa ce. Duk ƙauyukan da ke tsakaninmu da Tofa, in aka ce man gidan Alhaji ne, ba a sake shinshinawa. Shekara da shekaru tana durƙushe kan tunkuza tana matsa, ga daka, ga surfe, ga goyo, har gwiwar dama ta cinye. Aka yi shafe-shafe, aka sha sassaƙe, abu ya ƙi. Daga baya likita a birni ya ce ƙashi ne ke gugar ƙashi, sai dai a yanke a sa na ƙarfe. Babban ɗanta mai noman rani a Watari ya sayar da tumatirinsa na shekarar da shanun huɗa, aka yi aikin.

Da fari mun ga abin al'ajabi. Matar da sai an ɗaga ta, ta tashi da sanda, ta yar da sandar, ta taka har gona ta ga gero ya fid da kai. Amma damina ta biyu ba ta ƙare ba gwiwar ta fara kuka. In ta motsa sai ka ji ƙurus-ƙurus, kamar tsakuwa ta shiga dutsen niƙa. Ta kumbura, ta ɗau zafi. Aka koma inda aka yi aikin, suka ce ai ita ce ba ta hutawa, suka ba da ƙwayoyi. Ni kuwa na san ba haka ba ne, don ni na ƙwace taɓarya daga hannunta tun ranar da ta dawo, kuma ban mayar mata ba. Sai a wani asibitin aka sake buɗewa. Likitan can ya gaya wa 'yarta cewa robar da ke tsakanin ƙarafan biyu ta dagargaje tun lokacinta bai yi ba, ƙarfen ya yi sako-sako ya ci ƙashi, kuma ba ita ce ta farko da ya cire wa irin wannan ba. Suka ciro shi, suka sa mata wani abu na wucin gadi, wanda ba ya lanƙwasuwa, ba a kuma ɗora masa nauyi. Sai an yi aiki na uku da sabo mai kyau sannan za ta tashi. Abin sayarwa kuwa babu saura sai gonar gado, ita kuma ta rantse ba za a sayar da gona a kan ƙafarta ba.

Tun daga nan ni ke ɗaga ta. Ni ke kai ta bayi in tsaya a bakin ƙofa, ni ke dawo da ita. A duk watannin nan ban taɓa jin ta ce wayyo ba. In ciwon ya murɗa ta, sai ta kama bakin zanenta da haƙori ta yi shiru, in ya sake ta, ta ce, "Yaya, an ba awaki dusa kuwa?" Ni ba na yabon mutum a gabansa, a bayansa ma ba ni da saurin yabo. Amma matar nan, sai dai a yi shiru.

Ranar da aka sallame su daga aiki na biyu, 'yar ba ta nan, tana makaranta. Wata nas ta miƙa wa Alhaji wata roba mai murfi, an naɗe bakinta da salatif, ta ce kayanku ne, ta wuce. Ya sako ta a leda ya kawo mini. To wa zai kai wa? A gidan nan duk abin da ya fita daga jikin mutum hannuna yake zuwa. Mabiyiyar duk yaron da aka haifa a nan ni na binne. Cibiya in ta faɗi, gashin askin suna, haƙorin da aka cire, har ɗan yatsan da injin sussuka ya datse wa wani ɗanmu, ni na naɗe na sa a ƙasa. Haka uwar mijina ta yi, haka ta bar mini. Jikin ɗan Adam ba shara ba ne da za a watsar kaji su yi tono.

Na ɗaga robar a rana. Ana ganin ciki: ƙarafa biyu masu ƙyalli, da ɓaraguzan wani abu fari, da ɗan ƙashi da tsoka manne a jiki. Ban buɗe ba, don ni da warin maganin asibiti ba ma shiri. Na yanko farin yadi na naɗe ta yadda take, na haƙa rami a gindin zogalen da ke bayan ɗakina har ya shanye hannuna, na yi bisimilla na rufe, na ɗora dutse. Ban gaya wa kowa ba, ba abin shela ba ne.

To, mu koma tsakar gida. Lauyar da mai ciwo ta fara, ba da mijinta ba. Ta tambaye ta yaushe zafin ya soma, me aka ce mata kafin aiki, me aka ce mata bayan aiki. Ba ta katse ta ba, ko da Amarya ta bi ta labarin awakinta. Da ta gama sai Alhaji ya gyara murya.

"Yarinya, mun gode da tattaki, Allah ya yi albarka. Amma mu gidan nan tun kakanni ba wanda ya taɓa taka kotu. Ciwo na Allah ne, sauƙi na Allah ne. Likitan nan kuma ya girmama mu. Bayan haka, kafin a shiga da ita sai da na dangwala yatsa a takarda. Wanda ya dangwala ai ya sallama."

"Baba, me aka ce maka za ka dangwala a kai?"

"Cewa na yarda a yi aiki. In an dace, to; in ba a dace ba, ba ruwan kowa."

"Ka yarda a yi aiki. Aiki kuwa ko an yi shi daidai yana iya ƙin ci, wannan gaskiya ne, ba a kama kowa a kai. Amma an ce maka za a sa mata kayan da ya taho da aibinsa tun daga inda aka ƙera shi, ka ce ka yarda?"



"Shekarar da aka sayar maka da yashi a buhun taki," na ce, "ban ji ka ce na Allah ne ba. Da buhun a ka ka bi mutumin har rumfarsa, hula a hannu."

"Yaya, ke dai ba a yin magana ki bar ta ta wuce."

"Ina zaune za ta wuce?"

Liman ya yi ɗan tari, ya rufe baki da hannun riga.

Lauyar ta ci gaba, a hankali, da Hausar da ko ni na gane. Ta ce ba lalle ne maganar ta zama tsakaninmu da likita ba. Akwai kamfanin da ya ƙera ƙarfen a ƙasar waje, akwai wanda ya shigo da shi ya sayar wa asibiti. Duk wanda ya sa kaya a kasuwa, in kayan ya cuci mutum saboda aibin da ke jikinsa, alhakin na wuyansa: maganin da aka sha, da sabon aikin da za a yi, da wahalar da aka ci. Ta ce mai ciwo na da ikon a gaya mata sunan abin da aka sa a jikinta, da ikon karɓar kwafin fayil ɗinta na asibiti, kuma wannan ba alfarma ba ce. Kafin kotu ma akwai ofisoshin gwamnati da ake kai ƙorafi. In wani ya zo da kuɗi a ambulan da takarda ya ce ihsani ne, kada a karɓa, kada a dangwala, sai ta gani. Sannan doka na da wa'adi, in aka yi ta gobe-gobe ƙofa na iya rufewa.

"To za a ci shari'ar?" na tambaye ta.

"Ban sani ba, Inna. Tana iya daɗewa, ana iya kayar da mu. Duk wanda ya ce miki tabbas za a ci, ki ja ƙofarki."

A nan ne na gyara zama. Na ga masu maganin gwiwa iri-iri sun shigo gidan nan, ba wanda ya taɓa cewa bai sani ba.

"Amma duk abin da na faɗa a kan abu ɗaya yake tsaye," in ji ta. "Za su ce Umma ce ta yi aikin ƙarfi ta lalata shi. Ƙarfen ne zai ƙaryata su in masana suka duba shi, lambarsa ma a jikinsa take. An ce an ba ku. Yana ina?"

Alhaji ya dube ni. Amarya ta dube ni. Har liman, da bai san komai ba, ya bi su ya dube ni.

"Yana inda ya kamata ya kasance," na ce.

'Yar tamu ta dafe ƙirji. "Inna! Ba dai binne shi kika yi ba?"

"A'a, cikin kwabar uwarki na jera shi, kusa da tangaran."

"Innalillahi! Inna, shaida ce fa! Ita ke nan shaidar tamu gaba ɗaya!"

"Rage murya. Mabiyiyarki ma tana nan kusa da shi, ban ga kin taɓa zuwa nema ba."

Na sa ido in ga ko baƙuwar za ta yi dariya, ko ta yi mini irin kallon da 'yan boko ke yi wa tsoho. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Kakata ma abin da za ta yi ke nan," in ji ta. "Inna, kin buɗe robar?"

"Ban buɗe ba."

"Kin wanke?"

"Yaya zan wanke abin da ban buɗe ba?"

"Alhamdulillahi. To in kun yarda, a tono shi."

Alhaji ya miƙe ƙafa kamar wanda aka sauke wa kaya. "To kin ji, Allah ya yanke mana. Abin da ƙasa ta karɓa ba a karɓe mata. Gobe a ce gidan Alhaji sun koma tonon rami suna neman kuɗin ciwo? Da wane ido zan shiga masallaci?"

Wannan karon ina bayansa, na kuma faɗa. Hannuna bai taɓa komawa ramin da ya rufe ba. Akwai tsokarta a jikin abin nan, akwai ƙashinta. A ciro shi a riƙa yawo da shi ofis-ofis, maza na jujjuyawa, ni zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Aka tambayi liman, ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya ce magana ce mai son nazari. 'Yar ta fara share hawaye. Lauyar ba ta matsa ba. Na zaci an gama ke nan.

Sai Amarya ta ce, "Alhaji, in yi magana?"

Tun da aka kawo ta ban taɓa jin ta ɗora magana a kan ta mijinta a gaban mutane ba. Shi ma sai da ya waiwaya.

"Yi mana."

Ta dubi lauyar. "'Yata, irin ƙarfen nan, ni kaɗai aka sa wa?"

"A'a, Umma. Ban san yawansu ba, amma ba ke kaɗai ba ce."

"Har yanzu ana sa wa mutane?"

"Shi ma ban sani ba. Yana cikin abin da za mu tambaya."

Ta gyaɗa kai, ta juyo wajen mijinta. "Ka tuna shekarar da ruwa ya shiga rumbu, na matse gyaɗa ban san ta yi funfuna ba? Sai da mai ya ƙare a hannuna na ɗanɗana ragowar na ji ɗaci."

Ko shi bai tuna ba, ni na tuna, don ni na raka ta. Goyo a baya, garwa a ka, ta bi gida-gida har ƙauyen gaba tana karɓo man tana juyewa. Wasu sun riga sun yi miya da shi, suna cewa haba, bar shi mana, ai ba komai. Ta ƙi. Da ta yi sabuwar matsa ta sake bin gidajen ta mayar wa kowa nasa, na garwar kuwa ta tuttular a bayan gari.

"Ba wanda ya kai ni ƙara," in ji ta. "Ni na san abin da na sa a cikin mutane. Ni da ban san bihim ba na bi kayana da ƙafa. Su masu ilmi, da suka ƙera abin da za a dasa a ƙashin mutum, sai su zauna abinsu? Ciwon nan na karɓa, daga Ubangijina ne, ban taɓa kuka da shi ba, Yaya ce shaida. Amma haƙuri da hukuncin Allah daban, rufa wa mai algus asiri daban."

"Mutane za su ce..."

"Mutanen su zo su kai ni bayi. Yaya ta girme ni, ni ya kamata in riƙa ɗaga ta, ga shi ita ke ɗaga ni, ina jin numfashinta a wuyana. Ba kuɗi nake so in gani ba, kada ma a nuna mini. So nake in taka da ƙafata, in shiga, in ja ƙofa da kaina."

Ba ta ɗaga murya ba. Da irin muryar da take tambayar dusar awaki ta faɗe shi. Alhaji ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Liman ya ajiye carbi, ya ce shi dai a iya saninsa ƙarfe ba ɗan Adam ba ne, ba shi da hukuncin gawa. Raunin da wani ya jawo wa wani kuwa littattafai sun san shi, sun san diyyarsa, neman haƙƙi ba jayayya da ƙaddara ba ne. Abin da ya manne na tsoka, in an gama a dawo da shi a mayar wa ƙasa. Lauyar ta ce za ta nemi a yi haka, sai dai ba ta san ranar ba.

"Ƙafarki ce," in ji Alhaji a ƙarshe, yana kallon tabarma.

Amarya ta juyo gare ni. "Yaya, ke kika binne, kuma da mutunci kika binne, na gode. Ba wanda zai sa fartanya a wurin nan in ba ke ba. In kin ce a'a, an bar shi, ba zan ƙara tayar da maganar ba."

Na san ta. In ta ce ba za ta ƙara ba, to ba za ta ƙara ba. Za ta zauna a kujerar nan har ranar da Allah ya yi, ba kuma za ta taɓa yi mini gori ba. Na dubi ƙafar da ke kan turmi, ta rame, ta zama kamar ta yarinya. Na dubi 'yar tamu.

"Ke, share hancinki ki tashi. Ɗebo ruwa a bokiti ki zuba a gindin zogale, inda dutsen nan yake. Ƙasa ta yi tauri."

"Yanzu za a tono, Inna?" in ji 'yar.

"A garinku ake tono rana na faɗuwa? Sai da safe."

Lauyar ta ce hakan ma ya fi, tana son haske don ta ɗauki hoto, tana son liman ya dawo ya gani da idonsa, ita kuma a nan za ta kwana. Sannan ta matso kusa da ni.

"Inna, za a buƙaci bakinki. Za su tambayi wa ya karɓa, wa ya binne, wa ya tono."

"In faɗa a gaban wa?"

"A ofishinmu da farko. Wataƙila wata rana a gaban alƙali."

"Abin da na yi ne zan faɗa?"

"Shi kaɗai."

"To wannan ba wuya."

Washegari da na idar da sallah na jira gari ya yi haske. Na sa aka ɗauko Amarya da kujerarta aka ajiye a bayan ɗaki, inda za ta gani. Liman ya zo, lauyar ta tsaya da waya a hannu. Na kau da dutsen, na yi bisimilla, na ɗan sassara da fartanya, sauran na bi da hannu don kada in fasa. Gara ta cinye yadin, sai zare-zare, saiwar zogale ta rungume robar sai da na yanke ta. Murfin na nan a naɗe yadda aka kawo. Na ciro ta da ƙasarta, ban goge ba, na ɗora a cinyar mai ita. Ta ɗaga a rana ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe kai ne ke ta cizona." Ta miƙo mini.

Na mayar da ƙasa, na wanke hannu, na ɗauko mayafina na unguwa. Alhaji bai zo bayan ɗaki ba, amma shi ya buɗe mini ƙofar motar lauyar. Na shiga baya, na ɗora robar a kan cinyata na riƙe da hannu biyu, muka kama hanyar birni.